Bincike huɗu kan ruwan Jihar Kasala, kuɗin ɗaya: wanne ya cancanci a biya?

Tsohon malamin makaranta, Kasala

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe da dattawa da malamai da sauran 'yan'uwa maza da mata, tare da fatan kowa yana lafiya a inda yake.

Mutanen unguwarmu sun ɗora mini nauyin wakiltarsu a wani zaman tuntuɓa da za a yi kan sha'anin ruwa, kuma abin da aka ce mu ba da shawara a kansa ya fi ƙarfin sanina, domin ni lissafi na koyar a makarantar firamare har na yi ritaya, ban taɓa karatun ruwa ba. An gabatar mana da bincike huɗu da ake son gudanarwa, aka kuma gaya mana ƙarara cewa kuɗin da ke hannu zai ɗauki guda ɗaya cikakke, wataƙila da ɗan ɓangare na wani, tunda kowa ya san halin da baitulmali yake ciki tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu Sudan a ranar 15 ga Afrilu, 2023.

Na farko shi ne babban tsarin ruwa na jiha baki ɗaya, wanda zai hango bukatar birane da ƙauyuka da dabbobi da gonaki na shekaru masu yawa nan gaba. Na biyu nazari ne kan yiwuwar janyo ruwa ta bututu daga kogin Atbara zuwa birnin Kasala, don kada garin ya dogara ga rijiyoyi kaɗai. Na uku auna ruwan da ke ƙarƙashin kwarin Gash, kogin da ya ratsa birnin Kasala, a san abin da ke shiga kowace damina da abin da ake zuƙewa. Na huɗu kuwa ƙidayar hafirai (tafkunan da ake haƙawa don tara ruwan damina) da rijiyoyin burtsatse na karkara da na unguwanni, a san masu aiki da matattu, a kuma gwada tsabtar ruwansu.

Ba zan ɓoye muku ba, da na ji na biyu sai zuciyata ta karkata gare shi, domin shi ne wanda idan na koma unguwa na faɗa mutane za su yi murna. Amma akwai abin da ya hana ni sakewa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da lambu a cikin sawagi, wato lambunan ban ruwa na bakin Gash, kuma ina tuna lokacin da muke yara, idan Gash ya yi ruwa sosai, ana leƙa rijiyar lambun a hango ruwa yana ƙyalli ba da nisa ba. Ƙanena da ke riƙe da lambun yanzu sau biyu yana ƙara zurfin rijiyar yana saukar da famfo ƙasa, kuma a tsakiyar bazara injin yakan yi ta tari yana fitar da yashi kafin ya kamo ruwa. Idan abin da ke faruwa a rijiyarmu yana faruwa ko'ina, to ashe tushen da garin yake tsaye a kai ne yake motsi, kuma ban san ko akwai wanda yake auna motsin ba.

Tambayata ita ce: da wane ma'auni ake auna bincike a ce wannan ya cancanci kuɗin jama'a, wancan ya jira? Ba sunan ɗaya daga cikin huɗun kawai nake nema ba, ina son hujjar da zan iya tsayawa a kanta a gaban ma'aikata da masu ilmi ba tare da na ji kunya ba. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniyan ban ruwa mai ritaya, Wad Madani

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka ikon sauke wannan amana.

Na shafe rayuwata ta aiki a tsakanin magudanan ban ruwa, na kuma ga rahotanni da yawa da aka kashe musu kuɗi, aka yi musu bango mai kyau, suka ƙare a kan kanta ƙura tana binne su. Abin da na koya daga wannan shi ne, kafin a biya kuɗin kowane bincike sai a fara tambayar wace shawara ce take jiran sakamakonsa. Idan binciken ya ce e za a yi kaza, idan ya ce a'a za a fasa, to yana da amfani. Idan kuwa duk abin da ya fito da shi ba zai sa a sauya komai ba, saboda an riga an yanke hukunci ko kuma babu kuɗin aiwatarwa ko kusa, to kuɗin ya tafi a kan takarda kawai. Tambaya ta biyu ita ce me za a rasa idan aka jinkirta shi shekara ɗaya, kuma a nan ne bincike huɗun naka suka rabu da juna ƙwarai.

Ɗauki babban tsarin jiha. Ginshiƙinsa yawan jama'a ne da inda suke zaune, alhali ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Sudan ita ce ta 2008, kuma tun 2023 miliyoyin mutane sun bar gidajensu, wasu sun sauka a Kasala da Gadarif da Bur Sudan, wasu sun fara komawa Hartum da Jazira, wasu kuma ba su yanke shawarar inda za su zauna ba tukuna. Duk wanda ya zauna yau ya rubuta yawan ruwan da Kasala za ta bukata bayan shekara ashirin, to hasashe ya ɗora a kan hasashe. Wannan binciken ba ya lalacewa don ya jira, ƙara inganci ma yake yi.

Na bututu shi ne ya fi daɗin ji, na kuma fahimci dalilin da ya sa zuciyarka ta karkata gare shi. Sai dai aiki irin wannan ba jiha ke ɗaukar nauyinsa daga aljihunta ba, sai gwamnatin tarayya ko masu ba da lamuni daga waje, kuma abu na farko da za su nema shi ne hujjar cewa ruwan da ake da shi a gida bai isa ba. Wato na biyu yana tsaye ne a kan kafaɗar na uku. Bayan haka nazarin farashin bututu da injuna da wutar lantarki yana tsufa da sauri, musamman yadda darajar fam ɗinmu take faɗuwa. Wanda aka yi bana, idan ba a sami kuɗin gini ba sai bayan shekara biyar, dole a sake shi daga farko. Mu dubi maƙwabtanmu: an buɗe madatsun Atbara ta Sama da Sitit a 2017, amma mutanen Gadarif sun ci gaba da jiran ruwan bututu daga can shekara da shekaru, suna sayen ruwa daga karo, wato amalanken jaki mai ɗauke da duron ruwa. Ka kuma tuna cewa Atbara kogi ne mai ɗaukar laka daga tsaunukan Habasha. Madatsar Hashmul Girba, wadda aka kammala a 1964 da ƙarfin riƙe mita kubik biliyan 1.3, laka ta cinye mata wajen rabin cikinta, kuma manoman Halfa Sabuwa suna dogara da abin da ya rage. Ruwan da za a janyo ba maras mai ba ne.

Na uku shi ne nake goyon baya, kuma ga dalilina. Gash ba kogi ne mai gudu duk shekara ba. Yana tasowa daga Iritiriya, inda ake kiransa Mareb, yana kawo ruwa wajen wata uku tsakanin Yuli da Satumba, sannan ya bushe ya bar yashi. A cikin waɗannan watannin ne ruwa yake nutsewa ta ƙasan kogin ya cika yashi da tsakuwar da ke ƙarƙashin gari, kuma daga wannan rumbun ne famfunan birni da lambunan sawagi suke sha har damina ta zagayo. Rumbu ne da ba a ganin cikinsa. Hanyar sanin halinsa ita ce a auna ruwan kogin a inda ya shigo kusa da iyaka, a sake aunawa a gadar Kasala da kuma can ƙasa inda ya nufi Aroma, domin bambancin da ke tsakani yana nuna abin da ƙasa ta sha. Sai a zaɓi rijiyoyi a gabas da yamma da kogin a riƙa saukar da ma'auni cikinsu kowane wata, a kuma ƙidaya famfunan da ke zuƙa da sa'o'in da suke aiki. Aikin ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauran, amma yana da wata siffa da babu ita a cikinsu: daminar da ta wuce ba a auna ta ba, ta wuce ke nan har abada, babu kuɗin da zai dawo da ita. Masu nazarin ruwa ba sa iya faɗin komai mai ƙarfi da awon shekara ɗaya, sai an jera shekaru, don haka kowace shekara da aka tsallake gibi ce a cikin littafin da jikokinmu za su karanta.

Shawarar da take jiran sakamakonsa kuwa a bayyane take: ko a ci gaba da ba da izinin haƙa sababbin rijiyoyi ko a dakata, a wane yanki, da kuma ko lokacin neman bututu ya yi.

Ma'aikaciyar lafiya, Kasala

Assalamu alaikum. Ina gaishe da Malam, ina kuma gaishe da Baba Injiniya, Allah ya ƙara masa lafiya. Na karanta bayaninsa har sau biyu na ƙaru da shi, amma ina neman afuwa, ina da ja a kan wuri ɗaya.

Baba ya ce a tambayi abin da za a rasa idan aka jinkirta bincike shekara ɗaya. Na yarda da wannan ma'auni, sai dai idan aka ɗora na huɗu a kansa, abin da ake rasawa ba awo ba ne, mutane ne. A watan Agusta na 2024 aka ayyana ɓarkewar kwalara a ƙasar nan, kuma jiharmu na cikin inda ta fara tsananta, bayan wadda aka ayyana a Gadarif a 2023. Na yi aikin dare a lokacin. Na riƙe hannun yarinyar da ba ta wuce shekara shida ba ina neman jijiyar da zan sa mata ƙarin ruwa, idanunta sun faɗa, fatar cikinta idan aka ja ba ta komawa, mahaifiyarta kuma tana ta rantsuwa cewa ruwan da suke sha garai-garai yake, ba shi da wari ba shi da launi. Gaskiya ta faɗa. Ƙwayar cutar ba ta sauya launin ruwa.

Wannan yashi da tsakuwar da Baba ya kwatanta, waɗanda suke shan ruwan Gash da sauƙi, haka suke shan abin da ya tsiyaye daga masai da sauƙi. Unguwanni sun cika da baƙin da yaƙi ya koro, makarantu sun zama masauki, an haƙa masai a inda ya samu, wani lokaci taku kaɗan daga bakin rijiya. Ko da rijiyar tana da tsabta, ruwan yana bi ta duron mai karo, ya shiga jarka, ya zauna a randa yara suna tsoma moɗa, kuma a kowane mataki yana iya gurɓata. Tara ruwa a buɗe saboda famfo ba ya kawowa kullum yana da nasa sharrin daban, domin a cikinsa sauron da ya kawo mana zazzaɓin kankasha (chikungunya) a 2018 yake hayayyafa, kuma duk wanda ya zauna a Kasala a shekarar ya san yadda gida guda yakan kwanta gaba ɗaya da ciwon gaɓoɓi.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta da wuyar fahimta: kada a sami ƙwayar da ke nuna gurɓatar bayan gida ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma sinadarin naitiret kada ya haura miligiram 50 a lita. Gwajin ba ya bukatar ƙwararru daga waje. Abin da muka rasa shi ne jerin da zai nuna wace rijiya ce a ina, wa ke kula da ita, yaushe aka gwada ta, kuma wane hafir ne mutane da raƙuma da awaki suke sha daga baki ɗaya saboda shingensa ya faɗi. Ba tare da wannan jerin ba, idan aka kawo ɗan kilorin da ake da shi, rabonsa ake yi da ka, ko kuma ya tafi inda muryar mutanen wurin ta fi ƙarfi.

Ta fuskar tambayar Baba ta farko ma, na huɗu ya fi kowa amsa ta. Sakamakonsa yana sa a rufe wannan rijiya gobe, a gyara famfon waccan jibi, a tura kilorin unguwa kaza kafin damina, kuma duk waɗannan ayyuka ne da jiha da ƙungiyoyin agaji suke da ƙarfin yi yanzu. Roƙona ɗaya, Malam, idan an amince da shi: masu ƙidayar su zauna da mata. Mu ne muka san rijiyar da ke da gishiri, da wadda ke sauya ɗanɗano bayan ruwan sama, da wadda yara ke gudawa idan sun sha.

Ɗan Kasala mazaunin Jidda

Gaisuwa gare ku duka. Malam, ba mamaki ka koyar da ni ko ka koyar da yayyena, don haka ina magana ne a matsayin ɗalibi a gaban malaminsa.

Abin da ya dame ni shi ne wanda ba ya cikin jerin ko kaɗan, wato duba lafiyar jingar da ke tsare gari daga Gash. Ina nan Jidda a ranar 25 ga Nuwamba, 2009, lokacin da ruwan 'yan sa'o'i ya biyo ƙoramun da aka yi gine-gine a cikinsu ya hallaka mutane fiye da 100, aka kuma sake yin wata ambaliyar a Janairun 2011. Bayan nan ne aka gina madatsu da manyan magudana. A gida kuwa ba mu manta da ɓarnar da Gash ya yi wa Kasala a 2003 ba, ga kuma madatsar Arba'at da ta fashe a Agustan 2024, ta tafi da rayuka da ƙauyuka, ta kuma bar Bur Sudan cikin ƙishirwa tunda ita ce babbar madogarar ruwan shan garin. Gash yana ajiye yashi a makwancinsa kowace shekara, makwancin yana ɗagowa, jinga tana zama gajera ba tare da an taɓa ta ba. Tunda masu binciken na uku za su tsaya a gadar Kasala suna auna ruwa, me zai hana a sa a cikin sharuɗɗan aikin su auna tudun makwancin da tsayin jinga a wuraren da aka san suna da rauni? Ƙarin kuɗin kaɗan ne.

Ina tare da Injiniya a kan auna ruwan ƙasa saboda abin da na gani a nan. Saudiyya ta noma alkama a cikin hamada da ruwan ƙarƙashin ƙasa har ta riƙa sayarwa waje, sai da rijiyoyi suka ja da baya ƙwarai, a 2008 gwamnati ta yanke shawarar rage sayen alkamar gida sannu a hankali har a daina zuwa 2016. Su suna da kuɗin tace ruwan teku su tura shi ta bututu har Riyad. Mu ba mu da shi. Abin da Kasala ta fi su da shi kawai shi ne rumbunta yana sake cika kowace damina, matuƙar ba a zuƙe fiye da abin da ya shiga ba.

Ko wanne aka zaɓa, Malam, ka tsaya kai da fata a kan yadda za a rubuta kwangilar. A biya kashi-kashi bayan an ga aikin kowane mataki. A miƙa ainihin alƙaluman awon, ba rahoton ƙarshe kaɗai ba, a ajiye su a wuri fiye da ɗaya, a takarda da kuma a kwamfuta, domin yaƙin nan ya nuna mana yadda ajiyar shekaru take salwanta cikin kwana ɗaya. A kuma fara nema a gida, akwai malamai da ɗalibai a Jami'ar Kasala, akwai Cibiyar Binciken Ruwa ta Wad Madani da ta daɗe tana nazarin laka da koguna, kuma wanda ya koyi aikin a gida yana nan bayan kuɗin ya ƙare.

Manomin sawagi

Salamu alaikum. Ni ba mai dogon karatu ba ne, albasa da ayaba da lemo nake nomawa a feddan kaɗan da na gada (feddan ɗaya kusan eka ɗaya ce), amma maganar ta shafi abincin iyalina, don haka ku yi mini uzuri in faɗi abin da ke raina.

Gaskiya ne ruwa yana ja da baya, babu manomin da zai musa. Zan ma ƙara muku da abin da ba a ambata ba: a da tsadar man dizal ce take sa mutum ya kashe inji, amma tun da aka fara sa famfo mai aiki da hasken rana, babu abin da ke tsayar da shi sai faɗuwar rana. Ni ma na sa, kuma na san ina zuba wa ayaba fiye da da.

Tsorona shi ne ranar da binciken zai fito ya ce a rage. Wa za a ce ya rage? Na taɓa kai takardar neman izinin ƙara zurfin rijiyata wani ofis, na yi ta zirga-zirga har lokacin shuka ya wuce, alhali ina kallon wani mai hali yana haƙa sabuwa kusa da ni ba tare da an ce masa uffan ba. Idan alƙaluma suka zauna a hannun mutum biyu ko uku, to sanda ce aka sassaƙa don bayan ƙaramin manomi. Idan kuwa za a liƙa awon kowane wata a inda kowa zai gani, a karanta shi a taron manoma, a kuma ƙidaya rijiyar babba kamar yadda aka ƙidaya ta ƙarami, to ni da kaina zan buɗe rijiyata a saukar da ma'auni a ciki, zan kuma rarrashi maƙwabtana. A tuna kuma da mutanen Aroma da Wagar da makiyayan da ke ƙasa da mu, domin abin da muka tare a sama shi ne abin da bai isa gare su ba.

Injiniyan ban ruwa mai ritaya, Wad Madani

'Yata ma'aikaciyar lafiya, Allah ya yi miki albarka, kin gyara mini inda na gaza. Na kalli ruwa ta fuskar yawansa kamar yadda aikina ya saba mini, na manta cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Da na sake dubawa sai na ga na uku da na huɗu suna da mataki na farko guda ɗaya, wato zuwa bakin kowace rijiya a rubuta wurinta da zurfinta da mai kula da ita. Wanda ya je ya saukar da ma'auni zai iya cika kwalbar gwaji a tafiya ɗaya, da mota ɗaya, da mai ɗaya. Abin da ba zai haɗu ba shi ne hafiran nesa, irin na wajen Hamashkoreb da Talkuk da Butana, domin can ƙasar daban ce kuma tafiyar tana cin kuɗi. A nan dole a zaɓa, kuma ba zan yi kamar zaɓin ba shi da ciwo ba.

Tsohon malamin makaranta, Kasala

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kwafe maganganunku a littafina, na kuma kwana ina juya su.

Abin da zan gabatar shi ne a jinkirta babban tsarin jiha har jama'a su natsu a san yawansu, a kuma ajiye nazarin bututu har a sami awon da zai zama hujjarsa, ko da yake na san wannan ne zai fi yi mini wuyar bayani a unguwa. Zan nemi a haɗe awon kwarin Gash da ƙidayar rijiyoyi da gwajin tsabta su zama aiki ɗaya, a fara da birni da sawagi da wuraren da baƙi suka sauka, a sa awon makwancin kogi da jinga a ciki, a kuma rubuta a cikin kwangila cewa alƙaluman na jama'a ne, za a riƙa bayyana su kowane wata. Ɗan'uwana manomi, zan karanta maganarka a zaman kamar yadda ka rubuta ta.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne mutanen karkara. Su ne suka fi kowa tafiya mai nisa don jarka ɗaya, kuma su ne ba su da wakili a ɗakin da za mu zauna. Na yi tunanin a ware ɗan abin da ya rage a horar da malaman makarantun ƙauye da ma'aikatan ɗakunan shan magani, kowa ya rubuta halin hafir da rijiyar garinsa a takarda iri ɗaya ya aiko ta waya, ko da gwajin tsabtar zai biyo baya. Injiniya, ranka ya daɗe, shin bayanin da aka tara ta wannan hanya zai karɓu a wurin masana, ko za a ce ba ƙwararru ne suka tattara ba? Idan zai karɓu, ina roƙonka ka rubuto mini tambayoyin da ya kamata takardar ta ƙunsa, kada su wuce shafi ɗaya, domin in buga su in tafi da su zaman ranar Lahadi.